Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malamai Da Ɗaliban Shari'a Masu Jin Hausa A Saudiyya: Ku Sanar Da Mu Dokar Ƙwaya Kafin Mu Ji Ta A Kotu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Malamaina da ke koyarwa a tsangayoyin Shari'a da na Anzima, wato dokokin ƙasa, ƙannena da 'ya'yana da ke karatu a Madina da Makka da Jidda da Riyad, da ku lauyoyi 'yan ƙasa waɗanda kakanninku suka taso daga ƙasar Hausa suka zauna a maƙwabtakar Ɗakin Allah, ina miƙa muku gaisuwa ta girmamawa. Allah ya sanya albarka a iliminku, ya saka wa iyayenku da malamanku da alheri.

Ni mazaunin Jidda ne, a nan na yi aure, a nan kuma na aurar da 'ya'ya. Ina cikin dattawan da ake kira idan wata matsala ta taso tsakanin iyalanmu, kuma da yake ina jin Larabci da Hausa, nakan raka iyaye mata ofishin lauya in yi musu tafinta. Da yawunsu nake magana: uwar da ɗanta ke tsare, matar da mijinta ya zama wani mutum daban tun da ya fara shan ƙwayar da ake kira shabu, da dattijon da ke kwana da fargabar ranar da za a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Yawancinsu ba za su iya rubuto muku ba, wasu kuma kunya ba za ta bar su ba.

Shirunku ne ya sa na rubuto. Tun da hukuma ta tsananta yaƙi da miyagun ƙwayoyi a watan Afrilun 2023, da wuya mu yi zaman ɗaurin aure ko na ta'aziyya ba a raɗa labarin ɗan wane da 'yan mukafaha, wato jami'an yaƙi da ƙwaya, suka ɗauka ba. Ku ne masu ilimin da jama'a ke komawa wurinsu. Ana kiranku rabon gado, ana turo muku tambayar saki ta WhatsApp da tsakar dare, kuna amsawa da hujja da lambar shafi. Amma idan aka zo kan ƙwaya, amsar da wuya ta wuce cewa haramun ce, Allah ya shirya. Haramun ce, babu mai ja, shi kansa mai shan ya sani. Uwar da ta zo wurinku ta riga ta san hukuncin. Abin da take so ta ji shi ne inda za ta nufa gobe da safe.

Ƙorafina na farko shi ne mafi nauyi a zuciyata. Dokar ƙasar nan ta buɗe wa mai shaye-shaye ƙofar neman magani ba tare da an kai shi kotu ba, amma mutanenmu ba su san da ita ba, kuma waɗanda ya kamata su sanar da su ba su sanar ba. Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi da ake aiki da ita ta fito ne da umarnin sarki mai lamba M/39, ranar 8 ga Rajab 1426, wato a 2005. Sassanta 74 ne kacal. Ɗalibin da ya saba da manyan littattafan fiƙihu zai karance ta tsakanin La'asar da Isha'i. Sashe na 42 ya ce ba za a shigar da ƙara a kan mutum saboda sha ko kamuwa da ƙwaya ba, idan ya kawo kansa yana neman magani, ko iyayensa, ko 'ya'yansa, ko abokin aurensa, ko wani cikin dangi ya nema masa, da sharaɗin ya miƙa abin da ke hannunsa ko ya nuna inda yake. A cikin sashen kuma an ba da damar rufe bincike ga wanda aka kama da sha a karon farko, idan bai wuce shekara 20 ba, bai haɗa da wani babban laifi ba, bai yi haɗarin mota da aka rasa rai ba, kuma bai yi wa jami'ai turjiya mai tsanani ba. Sashe na 43 ya ba da damar a kai wanda aka tabbatar ya kamu asibitin da aka tanada maimakon a ɗaure shi. Sashe na 51 ya wajabta a yi masa magani cikin sirri, a ɓoye sunansa. Akwai asibitocin da a da ake kira Al-Amal, yanzu Irada, a Jidda da Riyad da Dammam da wasu garuruwa, an gina su ne domin wannan aiki.

Wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, mai sana'ar abinci, ta daɗe tana ɓoye halin ɗanta. Ta ga ya daina barci, ya rame, ya fara ɗaukar kayan ɗaki yana sayarwa. Ta je wurin wani mai ilimi da take girmamawa, ya ce ta dage da addu'a da ruƙya, ta yi haƙuri. Ta tambaye shi ko ta kai shi asibiti, ya ce yana jin tsoron kada asibiti su miƙa shi ga hukuma. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma ba da sani ba. Ta koma gida ta ci gaba da kulle ƙofa. Daga baya aka kama yaron a shingen bincike da 'yan ƙwayoyi a aljihu, lokacin ya riga ya haura 20. A ofishin lauya, ina fassara mata, lauyan ya yi bayanin sashe na 42. Ta dakatar da ni ta ce, "Baba, maimaita mini." Na maimaita. Ta ce, "Kana nufin da ni na kai shi da hannuna, da ba a ɗaure shi ba?" Yaron ya yi zamansa na gidan yari, sannan aka yi masa tarhil, wato aka fitar da shi daga ƙasar, zuwa Najeriya, ƙasar da bai taɓa takawa ba, inda bai san kowa ba sai sunan garin kakansa.

Wannan tarhil ɗin ma a doka yake. Sashe na 41 ya sa wa mai sha ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2. Ɗan ƙasa idan ya gama, sashe na 56 ya hana shi fita waje na wani lokaci, amma yana komawa ɗakin uwarsa. Wanda ba ɗan ƙasa ba, sashen ya ce a fitar da shi bayan ya gama hukuncinsa, kuma ba zai dawo ba sai abin da ƙa'idojin Hajji da Umra suka yarda. Ga yaron da aka haifa a unguwar Hindawiyya ko Karantina a nan Jidda, wanda Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsa, wata 6 na nufin rabuwa da uwa da 'yan'uwa har abin da Allah ya yi. Saboda haka sanin sashe na 42 ya fi zama dole a kanmu fiye da kowa a ƙasar nan.

Iyaye kan tambaye ni: wanda ba ɗan ƙasa ba fa? Wanda iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ta mutu fa? Wanda ma bai taɓa samunta ba fa? Lafazin sashen bai ware ɗan ƙasa da baƙo ba. Amma daga lafazin doka zuwa gadon asibiti akwai takardu da inshora da kafili, wato mai tsaya wa baƙo a wurin hukuma, kuma a nan talaka ke ɓacewa. Bin wannan hanya tun daga farko har ƙarshe, da tambayar hukuma ta ƙofar da ta dace, da dawo wa jama'a da amsa a rubuce, aikin mai ilimin doka ne. Dattijo mai tafinta ba zai iya ba.

Na biyu, samarinmu ba su san matakan laifin ba. A tunaninsu akwai mai sha, akwai babban dillali mai mota, shi ke nan. Doka ba haka ta raba ba. Sashe na 38, wanda hukuncinsa ɗaurin shekara 5 zuwa 15 ne, ya haɗa da mai sayarwa da mai miƙawa da mai kai saƙo da mai shiga tsakani da nufin yaɗawa, ko da kuɗi ko ba da kuɗi ba. Saurayin da ya miƙa wa abokinsa ƙwaya biyu kyauta a wurin biki yana ganin zumunci ya yi, alhali yana iya fita daga sahun masu sha ya faɗa sahun masu yaɗawa. Idan aka taɓa yanke masa hukunci a kan haka ya sake, sashe na 37 ne ke jiransa, kuma a nan ne ake maganar kisa. Ko zama kawai a wurin da aka tanada don sha, kana sane da abin da ake yi, laifi ne a sashe na 46. A 2025 kuma ofishin mai gabatar da ƙara na ƙasa ya sanya duk laifukan da suka shafi shabu cikin manyan laifukan da ake tsare mutum a kansu tun daga bincike. Na tabbata da yaro ya ji wannan bayani dalla-dalla daga bakin ustazun da yake jin kunya, da ya yi tunani kafin ya miƙa hannu. Tun da rusau ya taɓa tsofaffin unguwannin Jidda daga ƙarshen 2021, irin su Gulail da Sabil da Karantina, jama'armu ta warwatsu, idon dattawan unguwa ya daina kai wa ga yara. Abin da ya rage yana haɗa mu shi ne masallaci da waya, kuma duka biyun muryarku ce ake saurare a cikinsu.

Na uku ya shafi baƙin Allah, kuma a nan ne rai ke salwanta. Kowa a cikinmu ya san al'adar saƙo. Tsohuwa za ta taso Umra daga Kano ko Sakkwato ko Damagaram, a filin jirgi wani ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Hajiya, don Allah ga ɗan kilishi da yaji ki kai wa 'yar'uwata a Makka." A tarbiyyarmu ƙin karɓa rashin kirki ne. A doka kuwa, abin da aka samu a jakarka kai za ka amsa shi, kuma kafin a gano gaskiya an sha wuya. Sashe na 37 ya tanadi kisa ta hanyar ta'aziri, wato hukuncin da aka bar wa hukuma ta ƙayyade, ga mai fasa-ƙwaurin ƙwaya da mai karɓa daga hannunsa, ko da yake kotu na da ikon sassautawa zuwa ɗaurin da bai gaza shekara 15 ba da tarar da ba ta gaza riyal 100,000 ba. An dakata da zartar da kisa a kan laifin ƙwaya na kusan shekara uku, aka ci gaba a watan Nuwamban 2022, kuma cikin sunayen da kamfanin dillancin labarai na ƙasa ke sanarwa akwai 'yan Najeriya.

Kuna tune da ɗalibar nan 'yar Kano da aka kama a Madina a watan Disamban 2018, bayan an sami taramol a wata jaka mai ɗauke da sunanta. Sai da hukumar NDLEA ta bankaɗo wasu ma'aikata a filin jirgin Malam Aminu Kano da ke liƙa sunayen matafiya a jakunkunan da ba nasu ba, sannan aka sake ta a ƙarshen Afrilun 2019. A 2025 an sake yin irin wannan da wasu masu Umra da suka tashi daga filin jirgin, su ma sai da gwamnati ta shiga tsakani aka sallame su. Waɗannan an ji labarinsu, Allah ya kuɓutar da su. Matafiyi na buƙatar wanda zai gaya masa tun a gida cewa ya ƙirga jakunkunansa a gaban ma'aikaci, ya adana ɗan guntun takardar awon kaya, ya ɗauki hoton kayansa, kada ya bari a haɗa nauyin kayansa da na wanda bai sani ba. Haka maganin asibiti. Dattijo mai ciwon gwiwa da ya saba sayen taramol a kemis ba tare da takarda ba zai zubo shi a leda ya taho, bai san a nan magani ne da ke ƙarƙashin tsaro ba, shi da irin su Lyrica, maganin ciwon jijiya. Ƙa'ida ita ce ya zo da takardar likita ta kwanan nan mai sunansa, kuma adadin kada ya wuce na zamansa ko na wata guda. Da yawa daga cikinku kuna aikin jagorancin alhazai a lokacin Hajji, kuna koyar da ɗawafi da jifa da abin da ke ɓata harami. Ban taɓa jin an ware ko minti goma a irin wannan bita an yi maganar saƙo ta fuskar doka ba.

Na huɗu, Allah ya gafarta malamai, ya shafi karatun kansa. Ina jin wasu ɗalibai na cewa su Shari'a suke karantawa, dokar ƙwaya kuwa ta 'yan Anzima ce. Wannan rabo bai tsaya a kan ƙafa ba. Hukuncin da ke cikin dokar ya samo tushe daga matsayar Majalisar Manyan Malamai mai lamba 138 ta shekarar 1407, wato 1987, wadda ta ɗauki mai fasa-ƙwaurin ƙwaya a matsayin mai ɓarna a bayan ƙasa, ta bambanta shi da mai yaɗawa a karon farko. Wanda ya karanta babin ta'aziri da siyasar shari'a ya fi kowa cancantar fahimtar dokar.

Magabata ma ba su tsaya a kan abin da suka tarar a littafi ba. Limaman mazhabobi huɗu ba su yi magana a kan hashisha, wato wiwi, ba domin ba ta yaɗu a zamaninsu ba. Ibn Taimiyya ya ce ta bayyana cikin Musulmi a ƙarshen ƙarni na 6 da farkon na 7 bayan Hijira, daidai da zuwan mayaƙan Tatar, ya kuma ga a yi wa mai shanta haddi kamar mai shan giya. Al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya a Masar, ya rarrabe tsakanin abin da ke gusar da hankali tare da nishaɗi, da wanda ke dagula hankali babu nishaɗi, da wanda ke ɗauke ji da gani gaba ɗaya, ya sanya hashisha a kashi na biyu, ya ce ta'aziri ne a kanta. Sun saɓa a hukunci, amma dukansu sai da suka lura da abin da ganyen ke yi wa mai shansa kafin su yi magana. Ɗalibinmu na yau ya san wannan saɓani da hujjojinsa, amma ka tambaye shi mene ne kaftagon sai ya yi shiru. Kaftagon sunan wani magani ne da wani kamfani a Jamus ya haɗa a 1961, aka hana shi a yawancin ƙasashe cikin shekarun 1980. Wanda ke yawo yanzu, mai tambarin jinjirin wata biyu, jabu ne da ake haɗawa da amfetamin da kafeyin da tarkace. A watan Afrilun 2021 an kama fiye da ƙwaya miliyan 5 a cikin rumman a tashar jirgin ruwan Jidda, a watan Agustan 2022 kuma kusan miliyan 47 a cikin kayan fulawa a Riyad. Abin da ake shigo da shi da wannan yawa, direbobinmu da masu aikin dare da ɗalibai masu jarrabawa ne ake tallata wa, da sunan maganin hana barci da gajiya.

Sannan akwai ita kanta kamuwar. Mai wa'azi da alƙali da lauya duk suna buƙatar sanin cewa jiki na sabawa da ƙwaya har adadin jiya ya daina isa yau, kuma wanda ya daina farat ɗaya yana shiga ciwo na gaske: zufa, gudawa, ciwon gaɓoɓi, rashin barci, baƙin ciki mai kai wasu ga tunanin kashe kai. Taramol mai yawa na sa farfaɗiya, sai a ce aljanu ne suka buge yaro. Shabu na sa mutum ya ji muryoyi, ya zargi matarsa, ya ga kamar ana bin sa, sai a ce sammu ne. Ban raina ruƙya ba, Alƙur'ani waraka ne, amma Annabi (SAW) ya umarce mu da neman magani, kuma mai ruƙyar da ya san alamomin nan zai karanta ya kuma ce a tafi wurin likita. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani sukan koma, kusan daidai da yadda ciwon hawan jini da asma ke dawo wa masu su. Uban da bai san haka ba, ranar da ɗansa ya koma sai ya tsine masa ya kore shi, alhali lokacin ne ya fi buƙatar a mayar da shi asibiti.

Kun fi ni sanin hadisin mutumin da ake yawan kawowa gaban Manzon Allah (SAW) saboda giya, wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da Manzonsa. Kun san inda ya ce kada ku taimaki Shaiɗan a kan ɗan'uwanku. Kun san maganar Nana A'isha cewa da abin da ya fara sauka shi ne kada ku sha giya, da mutane sun ce ba za su taɓa barinta ba. An tsayar da haddi, ba a kuma yar da mutum ba. Wannan fahimta tana cikin littattafanku, kuma ta yi daidai da abin da sashe na 42 da na 43 suka tanada, har ma da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1988, wadda ta yarda ƙasashe su sanya magani da gyaran hali a madadin hukunci ga mai sha. Abin da ya rage shi ne a haɗa su a aji ɗaya, a kai ɗaya.

Rashin haɗa su ne ke sa wasu iyaye a nan su sayi tikiti su tura yaro gida a kai shi gidan mari. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, daga nan aka bi wasu gidajen a Katsina da wasu jihohi. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, sun rasa wanda zai nuna musu wata hanya. Ku kuma ɗalibai, gida za ku koma. Cikinku akwai alƙalan kotunan shari'a na gobe, da 'yan Hisba, da limaman Juma'a. Binciken da hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 sun yi amfani da ƙwaya a cikin shekara guda. Su ne za su cika zaurukanku da kotunanku.

Ƙorafi na ƙarshe gajere ne. Dokar shari'ar laifuka ta ba wanda ake tuhuma haƙƙin neman lauya tun daga bincike, ta ba wanda ba shi da hali a manyan laifuka damar roƙon kotu ta ɗaukar masa lauya, ta wajabta tafinta ga wanda ba ya jin Larabci, ta kuma sa kwana 30 na ɗaukaka ƙara. Mutanenmu na dangwala yatsa a kan takardar da ba su fahimta ba, kwana 30 na wucewa suna jiran wani mai cewa ya san wani babba. Na ga iyalin da suka sayar da gona a gida suka miƙa wa irin wannan ɗan damfara. Tafinta ma, jin Hausa da Larabcin kasuwa bai isa ba a inda ake maganar rai. Ana buƙatar wanda ya san ma'anar abin da ake tuhuma a doka, ya kuma san yadda tsohuwar ƙauye ke ba da labari.

Ga abin da muke roƙo.

Malamai, ku da ke zama a majalisun sassan karatu, ku kai shawarar a riƙa koyar da dokar 1426 kafaɗa da kafaɗa da babin haddin maye, har ga ɗaliban Shari'a zalla. Ku nemi a gayyato likitan ƙwaƙwalwa daga asibitin Irada ya yi wa ɗalibai bayanin kamuwa, a kuma nema musu izinin ziyartar irin waɗannan asibitoci da zaman kotun laifuka. Idan ɗalibin digiri na biyu ko na uku ya zo neman maudu'i, ku tuna masa da wannan fili: matsayin wanda aka ba saƙo bai san abin da ke ciki ba, iƙirarin wanda ƙwaya ba ta sake shi ba, kwatanta dokar nan da ta NDLEA ta 1989 ko ta Nijar, hukuncin tsare mai shaye-shaye a gidan mari. Kundi ɗaya mai kyau a kan ɗayan waɗannan zai yi wa alƙalai aiki shekaru.

Ɗalibai, ku zauna ku mayar da muhimman sassan dokar nan zuwa Hausa mai sauƙi, lauya mai lasisi ya duba, sannan ku karanta da murya, domin yawancin iyayenmu mata da kunne suke karatu. Ban ce ku saɓa sharuɗɗan zamanku ba. Ku bi ta jami'o'inku da ofisoshin Jaliyat na wa'azi ga baƙi masu sashen Hausa, ku nemi izini yadda ya kamata. A Madina aka buga fassarar Alƙur'ani ta marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, ana kuma fassara huɗubar Arfa da Hausa kowace shekara, don haka ba baƙon abu za ku nema ba. A cikin saƙon ku bambanta wa mutane lambobi: 995 ta kai rahoton dillalai ce, 937 ta Ma'aikatar Lafiya ce don neman shawarar likita. Uwa da yawa na tsoron ɗaga waya domin ta ɗauka duk ɗaya ne. Idan kun je hutu gida kuna daurori da bitar alhazai, ku sa maganar saƙo da ta magani a cikin darasi, ku faɗe ta da sunan hukuncinta.

'Ya'yana mata masu karatun Shari'a da doka, akwai 'yan mata da matan aure da suka kamu, kuma su an fi ɓoye su, domin ana tsoron kada a rasa mijin aure ko aure ya mutu. Ba za su taɓa faɗa wa ustazu namiji ba. Ku shiga tarukan mata da wannan bayani, ku gaya musu doka ta yi alkawarin sirri.

Lauyoyi 'yan ƙasa, ku kaɗai doka ta ba lasisin tsayawa gaban alƙali a cikinmu. Muna roƙon ku ware wani lokaci a wata, ta hanyar aikin sa-kai da hukuma ta amince da shi, ku saurari iyalan da ba su da abin biya, ko da shawarar farko ce kawai: me ake tuhuma, wane sashe, kwana nawa ya rage. Ku kuma zaɓi wasu daga cikin ɗaliban nan ku horar da su aikin tafinta na shari'a, ku taimaka musu su sami rajista a inda ake buƙata.

Mu dattawa a shirye muke mu tara muku jama'a, mu kai ku gidajen da abin ya shafa idan masu gidan sun yarda, mu kuma riƙe sirrin da aka ba mu. Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyin ɗaliban Najeriya da na Nijar su sanya wannan magana a zamansu na gaba, su sanar da jama'a abin da suka yanke kafin jiragen Umrar Ramadan su fara sauka.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kuɓutar da wanda aka tsare bisa kuskure.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗan'uwanku,
wani dattijo mazaunin Jidda, a madadin iyayen da abin ya shafa.